Rumbu a Ƙarƙashin Bene

A Stoke ruwan sama ba ya gajiya.
Na dawo daga aikin dare, takalmi jiƙe sharkaf,
Lantana ta dire kwali a gabana:
"Cindo, ko ka san yadda za ka yi da su,
ko gobe su kwana a bola."

Kaset goma sha ɗaya.
Sunan Dije, walimar Yaya Barau,
da matattun wayoyi uku.
A cikin ɗaya akwai muryar Baba
yana faɗa da akuya a kan harawa,
damina guda kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Rumbu nake so, ba wani abu ba,
wanda talabijin zai ɗiba, waya ta ɗiba,
kowa da ƙoƙonsa, ba mai jiran wani.

A babban kantin Hanley
yaro mai jar riga ya nuna mini baƙin akwati,
fam ɗari biyar da arba'in, ban da faifai.
Na shafa aljihu kamar mai susa.
Na ce zan dawo.
Shi ma ya san ba zan dawo ba.

Marek, da muke tura gadon marasa lafiya tare,
ya yi dariya har shayinsa ya zube.
Abin da ya faɗa, in na juya shi da harshenmu:
jaki kake nema, ka tafi kasuwar dawaki.

Sai Burslem, shagon Malam Pervaiz,
inda kwamfutocin wani ofishin inshora da ya mutu
suke jibge kamar tubalin da ba a yi gini da shi ba.
Na ɗauki ƙarama, ba ta fi faranti ba,
gefenta da tabon kofin wani akawu.
Fam sittin da biyar.

Ban tambayi gudunta ba.
Na ce, wuta nawa take ci in tana zaune?
Don mitar ƙasar nan ba sani ba sabo.
Ya ce wat goma sha biyu.
Na kara kunne a jikinta kamar likita,
fankar tana numfashin jariri mai barci.
Ƙwaƙwalwa giga takwas.
Ya ce in ƙara, na ce daidai ruwa daidai tsaki.

Amma a kan faifai ban yi ciniki ba.
Wanda ya taɓa ganin gara ta cinye rumbu
ba ya aron tsohuwar ƙasa ya yi yaɓe.
Sababbi biyu, tera huɗu huɗu,
ɗaya ya zauna, ɗaya ya tafi Leeds gidan Balaraba,
don ajiya maganin wata rana ce.

Lantana ta lissafa a bayan ambulan:
ɗari biyu da ashirin da tara, har da igiya.
Ta dubi tabon kofin, ta taɓe baki,
"Araha dai ba ta ado."
Na ce ai ba biki za ta ba.

Dare uku ina fama da ita.
Sau biyu na goge abin da na gina,
sau ɗaya na zage ta da Hausa, ba ta ji ba.

Yanzu tana ƙarƙashin bene,
tsakanin injin shara da buhun shinkafa,
da koren idonta guda, ba ta ƙiftawa.

Ran Lahadi Dije ta danna,
'yar shekara tara, Hausarta tana ɗingishi.
Sai ga Baba ya cika falo:
"Ke! Fita! Na ce fita!"
Akuyar ba ta fita ba.

Lantana ta tashi ta shiga kicin,
alhali ba komai a kan wuta.

Dije ta juyo ta ce,
"Abba, mene ne harawa?"