Kaset Ɗari Uku

A ƙarƙashin gidan awarar Mang Entis,
gabas da Bandung, inda kwalta ta gaji ta tsaya,
akwai ɗakin da bai san taga ba.
Mun lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai
don kada maƙwabta su kai ƙara.
Sun kai. Sau huɗu.

Nan muke, mu huɗu. Da mu biyar ne.

Cecep na dukan ganguna kamar ya kama ɓarawo.
Da rana ɗan acaɓa ne,
tafinsa kanta biyu:
ɗaya ta birki, ɗaya ta sanda.
Euis, mai koya wa 'yan aji uku lissafi,
ita ke buɗe maƙogwaro da dare
ta sako wata murya
kamar dutsen bayan gari ya yi gyatsar wuta.
Da safe sai shayin citta, sai allo, sai raɗa:
"Yara, ku yi haƙuri, mura nake."
Ni ke riƙe da jita mai kaurin murya,
wadda ba kunne ke jin ta ba,
haƙarƙari ne.

Kiɗan ƙarfe ake ce masa.
Rediyo ba ta san da mu ba,
mu ma ba mu aika mata goro ba.
Shekara uku muna zubin waƙa kamar adashi,
yau ga ɗauka ta zo kanmu:
waƙa tara, kaset ɗari uku, ba ƙari.
Wawan ya zana bangon da hannunsa,
ƙoƙon kai, shinkafa ta tsiro ta idanunsa,
sunanmu a sama, haruffa sun sarƙe kamar ƙaya.
Kakarsa ta juya takardar sau biyu
ta ce, "Wannan saiwar mece ce?"

In ladan ya ɗaga murya
Cecep kan cafke farantin tagulla da yatsu,
ƙarar ta mutu a hannunsa.
Shiru ya sauko ta matakala
tare da tururin waken suya,
kunnuwanmu na ta kukan gyare.

Waƙa ta tara ce ta hana mu barci.
Yayat ya kaɗa ta, shi kaɗai, ya ɗauka a waya,
wata biyu kafin huhunsa ya ci amanarsa.
Ana jin ruwa a kan kwano,
ana jin kaza can nesa,
sannan a minti na biyu,
tsirkiya na tsakiyar kuka,
ya yi tari.

Mai haɗa sauti ya ce, "Zan goge, ba mai sani."
Cecep ya ce a goge.
Wawan ya ce a goge, uwarsa za ta ji.
Euis ba ta tanka ba.
Ta mayar da shi baya, ta sake, ta sake,
har sau bakwai,
ta ɗaga yatsa: "Ku ƙirga."
Ɗaya, biyu, uku,
tari.
Daidai kan bugu ya faɗi.
Ko ciwo bai sa ya saki lokaci ba.

Muka bar shi.
Har muka ƙara masa ƙarfi kaɗan.

Yanzu daren Juma'a ne, ƙarfe uku.
Muna zaune a ƙasa muna ninke takardu,
Wawan na rubuta lamba da jan biro,
yatsunmu duk gam.
Gobe, a garejin da muka ara,
baƙaƙen riguna za su cika har bakin titi,
gashi zai yi ta shara a iska,
wataƙila 'yan sanda su zo, wataƙila ruwa ya riga su.

Ƙarfe huɗu injin niƙa ya tashi a bisa kanmu,
rufin na rawa, ƙura na zuba.
Cecep ya ɗaga kai, ya yi dariya:
"Tsohon nan ya fi mu nauyi."

Kaset mai lamba ɗaya ba na sayarwa ba ne.
Na sa shi a aljihun ƙirji.
In gari ya waye zan hau tudu,
in kai wa mahaifiyar Yayat.
Na san ba ta da abin kunna shi.
Za ta goge shi da gefen mayafi,
ta ajiye kusa da hotonsa,
ta tambaye ni ko na karya.