Rumbun Laka

Shekara goma sha ɗaya gatarina na ci daga wannan kurmi.
Daga Yawuri na zo Badagiri da taru,
kifi ya ƙi ni, itace ya karɓe ni.
Itacen da ke tsaye cikin ruwan gishiri,
saiwoyinsa a waje, kamar mai tattare wando zai haye rafi.
Har yau ban san sunansa da Hausa ba.
Na dai san kuɗin daminsa,
na san Mama Senami ba ta bandar kifi da wani in ba shi ba.

Sai wata Talata ga jirgi mai inji,
mutanen gwamnati da takalman roba har gwiwa,
da wata mai gilashi, Morenike.
Ta soka bututu cikin laka, ta zaro ta baƙa ƙirin,
ta tallabe ta kamar jinjiri.
Ta ce, wannan rumbu ne.
Hayaƙin da motocin Ikko ke fesawa,
da na janareta, da na masana'antu,
ganye ke shaƙa, ya faɗo, laka ta binne,
tana riƙon amanar tun ba a haifi kakan kakanka ba.
In ka sare itacen, ka buɗe rumbun.

Na yi dariya. A garinmu hatsi ake zuba wa rumbu,
wa ya taɓa ajiyar hayaƙi?
Amma dariyar ba ta kai ni gida ba,
don na bi ta inda na fara sara.
Ruwa ne ke kwana a wurin yanzu,
ya ci rabin maƙabarta, ya ci filin ƙwallon yara,
yana lasar bangon makaranta.

Yau ni ma'aikaci ne, da riga mai lamba.
In ruwa ya janye sai mu shiga,
ni da Sewanu da sauran,
kowa da kwandon 'ya'yan itacen,
dogaye, masu tsini kamar alƙalamin kara.
Taku biyu, ka soka. Taku biyu, ka soka.
Laka na haɗiye ƙafa har cinya,
sauro na karɓar zakkarsa,
ƙaguwa na bin bayanmu tana gyara lissafi:
mu dasa dubu, ta bar mana ɗari shida,
leda da robar ruwa su shaƙe ɗari.
Albashin watan jiya yana ofis, an ce ana sa hannu.

Ga abin da ke hana ni barci.
A ɗaya gaɓar, injin yashi bai san hutu ba,
yana tsotso, yana amai, yana cike fadama,
za a gina benaye masu kallon ruwa.
Allonsu da allonmu, hatimi iri ɗaya.
Na tambayi Morenike.
Ta cire gilashi ta goge da gefen riga,
ta daɗe tana gogewa,
ta ce, Nomau, dasa dai.

Hannun da ya sare shi ke dashe,
ban isa in yi wa kowa gori ba.
Wata biyu Mama Senami ba ta amsa gaisuwata,
har aka kawo mata murhu mai cin itace kaɗan.
Ta ce kifin bai yi ƙamshin da ba,
amma ta aiko min da biyu a takarda.

Jiya na leƙa jerin farko, na bara waccan.
Sun kai ƙirjina, sun fara miƙa ƙafa cikin ruwa.
Ƙananan kifaye a ƙarƙashinsu kamar an watsa allurai,
zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana gadin abin da bai shuka ba.
Na tsuguna na damƙi laka.
Wari take, warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Na kai ta kunne kamar wawa,
ko zan ji hayaƙin yana numfashi a ciki.
Ba komai. Sai ruwa da ke dawowa,
da kukan injin can,
da gatarina a gida, bayan ƙofa,
wanda har yau ban sayar ba.