Turmi Na Uku

Baffa Nomau ba ya saran itace da asuba.
Wai raɓa baƙuwa ce,
a bari ta yi sallama da ganye tukuna.
Sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar Bajuma,
shi da gatari, ni da gizago
da goran ruwa mai ɗaurin kaba.

Hanya ta bi ta gonakin auduga,
ta ratsa sabara da kalgo,
ta wuce aduwar da awaki suka yi wa aski,
har gindin dutsen Tingilin
inda daji ya rage kamar gashin kan tsoho.
Kwarkwasa sun ja layi, muka tsallake.
Baffa ya nuna suri da haɓa:
"Zago ya ƙara gini. Bana ruwa zai kai mu nesa."

Ƙiryar na tsaye, ta bushe tun bara waccan.
Ya ɗora kunne a jikinta,
ya ƙwanƙwasa da ƙota
kamar mai neman iso a zaure.
Shiru.
Sara na farko, gatari ya yi tsalle ya dawo.
Ƙirya ba ta san wasa ba.
Azahar ta same mu da gumi har ƙugu,
la'asar ce ta ji faɗuwarta.

A nan muka ga abin da kunne bai jiyo ba:
a kogon gefen gabas
'yar ƙofa ta kaki, kamar bakin buta,
galla na fita, galla na shiga,
ƙanana, ba harbi, ba faɗa,
sai dai su sauka a gefen ido
suna neman ɗan gishiri.

Na kai hannu. Zumar galla!
Ran Lahadi a kasuwar Pitowa
'yar kwalba ɗaya kuɗin takalmi ce.
Baffa ya riƙe ni a wuyan hannu,
tafinsa kamar ɓawon maɗaci.
"Turmi muka zo ɗauka,
ba mu zo tashin gari ba."

Ya auna kamu guda sama da ƙofar,
kamu guda ƙasa, ya yanke,
ya kwaɓa ƙasar suri da sauran ruwan shanmu
ya liƙe inda ya tsage.
Muka ciccibi gungumen, ina ƙunƙuni,
muka ɗora a rassan tsamiya,
ƙofa na duban gabas kamar da.
Aikin ya cinye mana rana.
Da duhu muka dawo, da ƙishirwa,
gyare na yi mana tsiya,
makesu na kunna fitila suna kashewa.

Turmi biyu suka fita maimakon uku.
Inna Kuluwa ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
"Ina na ukun?"
"Yana daji. Akwai 'yan haya a ciki."
Kwana biyu miyarsa ba daddawa.

Shekara goma sha tara ke nan.
Injin niƙa ya shigo Bajuma,
gizago ya yi tsatsa a bayan rumbu,
ni kuma babur nake ja a Garwa.
Masu gawayi sun bi ƙirya ɗaya bayan ɗaya,
marke ya bi ta a buhu.
Tsamiya kaɗai suka bari,
kowa na tsoron masu ita.

Ran sadakar bakwai ta Baffa na koma.
Gara ta ci rabin gungumen,
ƙasar da ya liƙa ta zube,
amma ƙofar kakin na nan,
an ma ƙara mata tsawo.

Na tsaya, hula a hannu.
Ɗaya ta zo, ta kewaya ni sau biyu,
ta sauka a gefen idona.
Ban kore ta ba.
Ta tarar da abin sha.