Aron Murya

Teburina taku uku ne da rabi,
a Adum, ƙarƙashin laimar da rana ta cinye wa launi.
Kayan aikina dalma, da tsinke, da tabarau mai ido ɗaya.
A nan mutum kan miƙo waya
ya faɗi lambar sirrinsa a bainar kasuwa,
lambar da matarsa ba ta sani ba.

Ran Laraba, ruwa na tsagaitawa,
Inna Azumi mai koko ta Asawase
ta sauko daga tirotiro, bakin zaninta a jiƙe,
waya ƙulle a leda kamar ragowar ƙosai.
Ta ce: Yaro, buɗe ta ka fitar min da wanda ke ciki.

Na ce: Batir ne, Inna, ko gilashi?
Ta ce: Murya ce.

Daren Asabar Fuseni ya kira ta daga Italiya.
Shi ne, har da 'yar in'inar nan
da ke sa shi tuntuɓe a kan "Mma",
har da tarin da yakan yi kafin ya roƙi abu.
Wai yana hannun hukuma. Sidi dubu uku, kafin asuba.
Kuɗin adashi ne na wata bakwai,
na kwanon ɗakin da ke yoyo daidai kan gadonta.
Ta ratsa duhu ta tashi mai momo daga barci.
Da hantsi sai ga Fuseni yana dariya,
yana tambaya ko mangwaron tsakar gida ya nuna.

Na san yadda aka yi, amma ta ina zan kamo mata?
Fuseni mai son a gan shi ne.
Kullum yana gaban kyamara a gonar tumatir
yana ba mutum dubu tara labari.
Cikinsu wani ya tsince muryar tsaba-tsaba
ya zuba wa na'ura, na'ura ta haddace.
Kafin shayi ya huce ta iya.
Uwa kuwa shekara talatin ta yi tana sauraro.

Na kwance wayar don kada ta ce ban duba ba.
Ga tagulla, ga ƙura,
ga gawar tururuwa guda a gefen lasifika.
Babu kowa, Inna.
Ta daɗe tana kallon tururuwar.

Ta ce: In ya sake kira, da me zan san ɗana,
tunda an yi wa kunnena fashi?

Kwabena mai caja a gefena ya daina ƙirga canji.
Na juya tsinke a hannu, na juya.
Can na ce: Akwai abin da ku biyu kaɗai kuka sani,
wanda bai taɓa shiga hoto ko saƙo ba?

Ta yi shiru.
Sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa,
na ɗauka kuka ne.
Ta ce: Yana ɗan shekara shida, a bayan randa, ya...
Na ce: Tsaya nan, Inna!
Wayar na kan tebur, ni ma ba ki san ni ba.
Kuma tambayar kamar ashana ce,
in kin ƙyasta sau ɗaya ta ƙare.

Ta ce: Ni na goya shi.
Ina da kwali-kwali.

Ba ta biya ba, ban tambaya ba.
Da magariba na hau motar Aboabo.
A bakin ƙofa Ramatu, autata, ta ɗaga wayar uwarta:
Baba, yi magana in ɗauke ka!
Na karɓa na kife ta a kan turmi,
na durƙusa na raɗa mata wani abu a kunne.
Ta ƙyalƙyale ta ce: Me ke nan?
Na ce: Ajiya ce. Wata rana zan tambaye ki.