Haƙoran da Ke Kwana a Kofi

Shekara arba'in ina aski a gindin darbejiyar nan,
a Garwa, kan hanyar da ke gangarawa Binuwai.
Wanzanci sana'ar kusa ce:
numfashinka a goshin mutum, nasa a wuyan hannunka.

Haƙorana na sama sun yi mini ƙaura ɗaya bayan ɗaya,
har na koma murza tuwo da dasashi kamar jinjiri.
Ɗana Saliyu, mai jan tirela zuwa Njamaina,
ya ƙirgo sefa, ya kai ni asibiti,
aka sa wa fuskar tsoho bakin saurayi.

Wata guda ina dariya ba dalili.
Na ci kilishi. Na gaigayi gasasshiyar masara.
Da su nake kwana, da su nake tashi,
wa ke tuɓe arziki ya ajiye a gefe?

Sai kawuna suka fara kaucewa.
In na sunkuyo da aska, mutum ya riƙe numfashi
kamar mai nutso a tsakiyar kogi.
Na zargi kwata. Na zargi masu banda kifi.
Na zuba turare a wuyan riga, na tauna kanumfari,
ashe yaɓe nake yi wa bango, gara na ciki.

Hamajoda ne, wanda muka yi kiwon awaki tare,
ya jira har benci ya zama wayam,
ya ce, "Tanko, askarka ba ta taɓa yanka ta ba,
yau bakinka ya yanke ni."
Kwana biyu ban amsa gaisuwarsa ba.
Rana ta uku na sa hula na nufi asibiti.

Madam Asta ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata.
Ta ce, "Ciro su." Na ciro.
Ta juyo mini cikinsu a hasken taga,
sai ga ƙanzo, irin na gindin tukunya.
Ta ce, "Baba, kwanon da ka ci tuwo jiya,
shi kake miƙawa a zuba maka na yau ba wanki?"

Ni da ke tafasa askata, ni da ke wanke ƙaho sau uku,
aka koya mini tsabta ina zaune kamar ɗan makaranta.

Yanzu in na ci, sai in cire in ɗauraye.
Da dare in cika ƙwarya da ruwa, in wanke su a kanta,
don in sun suɓuce kada siminti ya cinye kuɗin Saliyu.
Buroshi mai laushi, ɗan sabulu marar ƙamshi, ciki da baya.
Ban da makilin, ta ce yana karce su.
Ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa su.
Sannan in juya kan abin da Allah Ya bar mini:
dasashi, ganɗa, harshe har can baya,
in goge su a hankali kamar mai sharce kan jariri ran suna.
Ruwa kuma, in sha, in ƙara sha,
zafin Garwa na busar da yawu, busasshen baki shi ke fara tsegumi.
In sun fara rawa ko sun ji mini ciwo, in koma wurinta.

Su kwana a kofi, ni in kwana a tabarma.
Matata Dudu kan haska su da tocila ta ce,
"Ka gani, ba ka nan ma suna yi mini murmushi,
sun fi ka fara'a."

Jiya Hamajoda ya dawo, gashi ya cika masa ƙeya.
Ya zauna. Na sunkuyo.
Na ji ya ja iska, dogo, har ƙirjinsa ya taso.
Bai ce komai ba sai da na kai kunnen hagu.
Ya ce, "To, warin ya tafi.
Saura surutun."