Taku Uku na Rosalba

Sayar da gidan uwata ya kawo ni,
ba tone-tone ba.
Gidan kwano da katako ne a kan tudun Valparaíso,
ya jingina da na maƙwabta kamar mai ciwon ƙugu,
tagarsa ɗaya tana kallon teku.

Gaspar ya taya, na sallama.
Mutumin Santiago ne,
takalminsa bai saba da matakalar unguwarmu ba.
Lauyarsa ta ce, “Kafin biro ya taɓa takarda,
kawo mana shaidar shekara talatin:
ba bashi, ba jingina, ba mai ƙara.”
Na yi dariya.
Uwata ko gishiri ba ta ci bashi ba.

Talata, ofishin rajistar filaye.
Na ciri lamba tamanin da huɗu,
na zauna tsakanin wani mai gardamar katanga
da wasu ’yan'uwa biyu da gado ya hana su gaisawa.

Herminia ce a kan kanta, tabarau a ƙarshen hanci.
Ta danna na'ura, ta ce, “Talatin ɗinka fes suke.”
Da na tashi a nan, da shi ke nan.
Sai bakina ya riga ni:
“Ina son ganin ranar da ta saye shi.”

Aka turo kundi a kan amalanke,
bangonsa ya ci hannu, yana warin rumbu.
Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya.
Ga sunanta, Rosalba Quilodrán, mai wanki da guga.
Ga iyaka: gabas, yamma, kudu, arewa.
Ga kuma, can a gefe, rubutu ƙanana kamar sahun tururuwa:

ta bai wa Evaristo Maturana,
da duk wanda zai zauna gidan baya a bayansa,
hanya mai faɗin taku uku ta jikin bangon gabas
har zuwa matakala,
ba da kuɗi ba, ba da wa'adi ba.

Babu sa hannu.
Babban yatsanta ne, ta dangwala,
tawadar ta ɗan zame hagu,
yadda takan goge mini miya a kumatu.

Ashe shi ya sa.
Shi ya sa ba ta taɓa ajiye tukunyar fure a lungun nan ba.
Shi ya sa na sha mari ranar da na bar kekena a ciki.
Evaristo, wanda ƙugiyar tashar jiragen ruwa ta cinye wa ƙafa,
ƙwas, ƙwas, sandarsa kowace asuba a bayan kunnena,
ni kuwa ina tsammanin hanya ce kawai,
irin wadda Allah ke ajiyewa.

Na ga zanen Gaspar:
ɗakunan baƙi huɗu, bangon gilashi,
daidai kan taku ukun nan.

Shekara talatin aka tambaye ni.
Wannan ta haura hamsin.
Na dubi Herminia, ta dubi agogo.
“In buga maka kwafi,” ta ce, “ko in rufe?”

Alkawari kaya ne, haka ake faɗa,
ba wanda ya ce mini ana gadonsa
tare da kwanuka da bargo.

Na biya kuɗin hatimi.
A bakin ƙofa na kira Gaspar.
Ya yi shiru, ya yi lissafi,
ya zaftare kashi ɗaya cikin biyar.
Ban ce albarka ba, ban ce na sallama ba.
Na ce zan kira shi Juma'a.

Da yamma na hau tudu, gwiwa tana ƙara.
Maite, jikar Evaristo, tana fitowa ta lungun
da tulun gas a kafaɗa, ɗanta riƙe da siket ɗinta.
Ba ta san da wani kundi ba.
Ta ce, “Don Anselmo, ɗan matsa.”

Na matsa.