Ta Ido Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina kallon Kaneng ta ido ɗaya,
ɗayan a runtse, kafaɗata ƙarƙashin kyamara.
Bakwai na yamma jar fitila ta kama,
ta taɓa ɗaurin kanta, ta haɗiye yawu:
"Jama'a, barkanmu da war haka."
Har masu shayin Taminus sukan rage hira.

Ba ita ke karanta labarai ba, wannan na masu kwat ne.
Ita ce mai toshe kafa tsakanin shiri da shiri:
cigiyar yaro mai tabo a goshi,
ranar da famfo zai tuna da Tudun Wada,
wane ya rasu, za a kai shi Bukuru,
a yi haƙuri, faifai ya maƙale, yanzu za mu dawo.
Haƙurin da ta ba mutanen jihar nan,
in da aunawa ake, ya cika buhun dankali ɗari.

Sai shekarar hayaƙi.
Aka miƙo mata takarda, tawada ba ta bushe ba:
ba shiga ba fita, shida zuwa shida.
Ta karanta.
Washegari sunaye.
Goma sha ɗaya suka wuce lami lafiya,
na sha biyu tela ne, shi ya ɗinka rigar da ke jikinta.
Na ga maƙogwaro ya motsa, murya ta ƙi fitowa.
Daƙiƙa tara, ni na ƙirga.
A talabijin, tara ta fi damina tsawo.

Manaja bai yi faɗa ba, ya jira lokacinsa.
"Yanzu na'ura ke rubuta sanarwa a gindin allo.
Akwai rabin awa ran Asabar. Ko kin iya girki?"
Ta dube shi sama da ƙasa:
"Ni da na ciyar da ƙanne bakwai a barikin kuza?"

Ranar farko gas ya ƙare, acca na tsakiyar dahuwa.
Ta ɗaga murfi, ta mayar, ta dubi idona:
"A yi haƙuri, yanzu za mu dawo."
Na yi dariya har hoton ya girgiza.

Daga nan na zama ɗan dakonta a Farin Gada,
kyamara a dama, kabeji a hagu,
tana taya karas kamar mai karanta hukunci.
Ba ta san awon cokali ba.
"Gishiri? Gwargwadon yadda kike son mai gidan."
Wasiƙu suka riƙa zuwa daga Pankshin, daga Mangu,
wasu da maiƙo a gefen takarda.

Wata Asabar ta gayyato Tasalla daga Gangare,
ta gayyato Ngo Chundung daga Kuru,
mata biyu da suka shekara huɗu
kowa na tsoron unguwar kowa.
Ba wanda ya ambaci sulhu.
Faɗa ma suka yi, a kan gwate:
a sa yakuwa da wuri, ko sai an kusa saukewa?
Suka cinye tukunyar suna musu,
suka shiga Keke ɗaya, musun bai ƙare ba.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba:
duk girkin da za ta yi, sai ta yanka albasa da hannunta,
ko an riga an yanka mata.
Ta tsaya, ta share ido da bayan hannu,
ta ce wa jama'a, "Ta bana akwai yaji."
Ni kuwa ina ƙirgawa.
Tara.

Ran da ta ajiye aiki fitila ta mutu, na buɗe ɗaya idon.
Ashe gajeriya ce. Ashe ta yi furfura.
Ta miƙo ludayi: "Ɗantala, ɗanɗana, ban da ƙarya."
Gishiri ya yi yawa.
Na faɗa mata.